Injinka Ya Tashi, Shige-san

Ranar tara ga Afrilu aka bugo waya daga asibitin birni cewa Kuramoto Shigeharu ya cika. Mu a Hiraseno Shige-san muka san ka, kuma da wannan sunan zan kira ka. Ni ce Fusae mai awara, wadda ka yi shekaru kana cewa ba ta iya riƙe guduma ba.

Tun da aka rufe makarantar ƙauyenmu saboda babu sauran yara, filin wasanta ya zama namu tsofaffi, a nan muke wasan buga ƙwallo da gudumar katako. Ƙaramar hukuma ta bar mana shi bisa sharaɗin kada ya yi daji. Ranar da ciyawa ta ci shi, za a ba wani kamfani ya jera allunan samar da lantarki daga hasken rana. Kai ka tsare wannan sharaɗin, da wani tsohon injin yankan ciyawa na turawa wanda ya girmi jikokinka.

Kowace shekara in ƙanƙara ta narke, sai ƙofar rumbun kayan aikinka ta cika da injinan mutane da suka ƙi tashi. Ba ka fara taɓa sifana, murfin tanki kake buɗewa ka kai hanci. Na ji ka kana yi wa Goro, abokin wasanmu, faɗa: "Haba Goro, wannan ai ba fetur ba ne, tsimi ka jiƙa! Tun kaka na ce ka juye." Da wannan faɗan za ka kwance kafireta, ka zura siririyar waya a ramin da tsohon mai ya toshe, ka hura tiyo. Injin da ke tashi ya mutu bayan ɗan lokaci, sai ka sassauta murfin ka ce numfashi yake nema. Ladanka shayi ne, shi ma sai ka kushe shi.

A watan Nuwamba ciwo ya kayar da kai kafin ka juye man naka injin, dusar ƙanƙara kuma ta binne rumbun har rufi. Da na je duba ka, likita na maganar huhunka, kai kana jan hannun rigata kana cewa, "Fusae, man nan zai lalace fa." Na yi dariya a gabanka, kukan sai a motar komawa.

Abin da ya ƙona mini rai ya faru ne ranar zaman makokinka. Wani jami'in ƙaramar hukuma ya zo, ya kunna maka turare, ya rusuna wa matarka Tomie yadda ya kamata. Yana sa takalmi a bakin ƙofa sai ya ce mini a hankali, tunda mai yankan ya tafi, gara mu saki filin cikin mutunci. Hayaƙin turarensa ko bajewa bai yi ba.

Bayan kwana biyu muka fito da injinka. Goro ya ja igiya har kafaɗarsa ta amsa, shiru. Wata ta ce injin ya bi mai shi. Na ce ƙarya ne, ba ka taɓa yarda inji yana mutuwa don baƙin ciki ba. Na buɗe murfi na shinshina, ga warin tsimin nan da kake zagin mutane a kai. Na juye shi tas. Da hannuwan nan nawa na kwance kafireta, Tomie ta ba ni wayarka daga aljihun rigar aikinka. Muka zuba sabon mai. Da aka ja igiya, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama.

Na tura shi daga bakin tsohon ajin farko har gindin katanga. Layina ya karkace, na san da kana nan da na sha baƙar magana. Amma an yanke. Mun raba kwanaki tsakaninmu, kuma mafi ƙuruciyarmu ta haura saba'in. Duk mai son filin nan sai ya jira ya kunna wa na ƙarshenmu turare.

Allah ya yi maka rahama, ya sa ka huta cikin magabatanka. Tomie, da ɗiyarku Natsuko, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, tare muke ɗaukarsa. Kai kuma Shige-san, ka kwantar da hankalinka. In kaka ta zo, ni zan juye man.