Allon da Ya Narke a Bani Harisa

Haladu a bakin kogi ya tashi, can Mai Wurno ta Sudan. Shekararsa goma sha huɗu a Madina yana haɗa wa masu dabino ɗakunan sanyi. Ranar da ya ga wasu a waya tsaye kan allo bisa igiyar teku, ya ce shi ma sai ya yi nasa, da ragowar farin soson da yake jerawa a bango.

Kwana goma sha ɗaya yana sassaƙa a saman bene a unguwar Bani Harisa, tsawo ƙafa takwas, kauri yatsa huɗu. Saura shafe. Ya nemi shawarar Osman, yayan matarsa Fatna, mai gyaran tankunan ruwa na fiba.

"Ga gam ɗin tanki, ya shekh, shafa kawai."

Minti shida soson ya lotse kamar kitse a kasko. Osman kuwa ya san gam ɗin tanki yana cin soso, wani gam daban, ifoksi, ake sa masa. Ranar Juma'a ya baje labarin a majalisa, mutum tara suna tuntsira dariya. Daga ranar Haladu ya zama Kaftin Narkau.

Haladu bai yar da narkakken allon ba.

Ya sassaƙa wani, kwana goma sha tara, ƙyallen fiba hawa uku, ifoksi a ma'auni. Yana gogewa yana ƙirga sau nawa aka kira shi da sunan: arba'in da uku. Ya ɗaura allon a mota sai Yanbu, bakin teku. Ya faɗi sau goma sha biyu. A na sha uku ya tsaya daƙiƙa bakwai, Fatna tana ɗauka a waya.

Asabar da hantsi, shagon Osman cike da mutane, Haladu ya jingina alluna biyu a ƙofa.

"Jama'a, wannan ifoksi ne, ga bidiyonsa. Wannan kuma gam ɗin Yaya Osman, wanda yake shafa wa tankunanku."

"Haladu, khalas, wasa ne fa! Tanki ai ba soso ba ne!"

"Ni nunawa kawai na yi, Yaya."

Mutum biyu suka fasa sauke tankunansu daga mota.

Juma'ar da ta biyo, suna ya sauya gida: Osman Narkau. Haladu ya ƙirga, sau biyar kafin la'asar. Saura talatin da takwas.