Makullin Kabad

A shekarun da aka fara shari'a, lokacin da aka ƙara wa yunifom ɗinmu tsawo, ina aikin nas a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a ƙasar Daura. Tsohuwar Metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, a jikin ƙusa take rataye makullin kabad ɗin magani. Takan ce, "Ku ma kun yi karatun, ku duba ku yi abin da ya dace, in na zo ku gaya mini."

Da ta yi ritaya aka kawo mana wata. Ita wannan a jakarta makullin yake zama, kuma ko ƙarin ruwa ba ki isa ki sa ba sai da sa hannunta. Na taɓa sawa ba ta nan, ta ba ni takardar tuhuma, ta karanta ta a gaban ɗalibai. Ni da na karɓi haihuwa shekara goma sha ɗaya! Tun daga ranar na koyi naɗe hannu, har ta fara yabona wai na yi hankali.

Wata Laraba da hantsi aka kawo wata mata daga wajen garin Babban Mutum, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Likitanmu ɗaya ne, yana Katsina taro. Metiron ta tafi ta'aziyya Mai'adua, jakarta a kafaɗa. Allurar tsayar da jini tana cikin kabad, ina ganinta ta gilashi. Kwaɗon kuwa ɗan ƙarami ne, irin na akwatin kaya, dutse ɗaya ya ishe shi.

Na murza mata mara, na danna iya ƙarfina, na tura masinja a babur ya bi Metiron. Sau biyu ina zuwa gaban kabad ɗin ina dawowa. Wallahi ba komai nake tunawa ba sai waccan takardar.

Makulli ya iso tare da Metiron bayan azahar, mun riga mun lulluɓe ta. Metiron ta yi salati, sannan ta ce, "Sista, ki rubuta an kawo ta a makare." Na rubuta.

Na daɗe ina jin haushin Metiron ɗin nan, har yau ban huce ba. Amma ba fuskarta ce ke dawo mini ba, ta mijin marigayiyar ce. Manomi ne, dattijo. Ya durƙusa a bakin ƙofa, jaririyar a hannunsa, ya ce, "Malama, Allah ya saka da alheri. Na ga kin yi duk abin da za ki iya."

Ni kuma na buɗe baki na ce masa amin.