Ranar da na goyi surukata a tsakiyar korama

A lokacin ban fi shekara biyu da gama jami'a ba, ina aiki a wani ƙaramin buro, wato ofis, a Illela, da mata da ƴa ɗaya ƴar shekara uku. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko ƙofa na kulle sai na koma na sake taɓa ta. Wannan halin ne ya sa na ƙi ɗora iyalina a kan babur, na sayi adaidaita mai ƙafa uku don kai matata kasuwa, yarinya kuma asibiti. A ganina na yi dabara, kuma wataƙila na yi.

Wata damina aka yi suna a Tajaye, gidan ƙanwar matata. Da safe ba a yi ruwa a garinmu ba, amma gabas ta yi baƙi ƙirin. Muna shirin tashi sai surukata ta fito tare da aminiyarta, da buhun gero na gudummawa. Suka shige baya, matata da yarinyar suka matse a gefe. Na san kayan sun yi yawa, na kuma san akwai korama a hanyar da za mu bi. Amma a wajenmu mutum ba ya kallon idon uwar matarsa, balle ya ce mata ta sauka. Na raɗa wa matata ko a bar buhun, ta ce in ina da ƙarfin hali in faɗa wa Inna da bakina. Haka na tayar da injin muka kama hanya. A hanya tsohuwar tana ta yi mini ba'a a wajen aminiyarta, wai malamin buro tuƙin hawainiya yake yi, sai an cinye naman suna za mu isa.

Da muka kai koramar, ruwan bai wuce idon sawu ba. Hankalina ya ce in tsaya kowa ya sauka ya taka, kunya ta ce in wuce. Na shiga. A tsakiya ƙafar gaba ta nutse cikin rairayi, injin ya mutu. Sai na ji wani ruri kamar babbar mota na tafe, wani makiyayi a kan tudu yana ɗaga sanda yana yi mana ihu mu fita. Ruwan da aka yi can gabas ne ya taho, ja wur, ɗauke da itatuwa. Abin da har yau yake damuna shi ne, a cikin wannan halin ma matata na juya na ce wa ta gaya wa Inna ta sauka. Inna kuwa ta ce ba za ta tattare zane a gaban surukinta ba. Ruwa ya kai gwiwa, adaidaitar ta fara karkata. Matata ta saɓa yarinyar ta yi gaba, aminiyar ta bi ta. Ban san lokacin da na finciko tsohuwar na goya ta ba, ita tana salati a kunnena. Muna taka tudu ruwa ya kifar da adaidaitar, ya tafi da buhun.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya rasu. Inna ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai ta ce wa matata wai bayana ya fi bakina amfani. Ba na cewa a daina kunyar surukai, ban isa ba. Amma duk wanda ya ɗauki iyali a abin hawa, rayukansu amana ne a wuyansa. In kaya sun yi yawa ko hanya ta ba ka tsoro, ka faɗa tun a ƙofar gida, cikin ladabi, ko da wa ke zaune a baya. Ni na jira sai da ruwa ya kusa tafiya da ƴata, kuma ba kowa Allah ke ba wannan jinkirin ba.