Ba Su Ce In Gaishe Shi Ba

Da sunan Allah nake farawa. Shi ne ya san abin da ke cikin zukata, ni kuwa abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji kaɗai zan faɗa.

A shekarar da ta biyo bayan ciwon da ya cinye mana gyaɗa, gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makarantar boko kyauta. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Kurugu, kuma har lokacin ba mu da makaranta sai ta allo, wadda nake koyarwa a zauren da na gada daga mahaifina. Aka zo aka gina aji biyu a bakin gari, aka rufa su da kwano. Ginin bai ba kowa wahala ba, samun yaran ne ya gagara. Iyaye suka taru a ƙofar gidan dagaci suka ce ba za su ba da 'ya'yansu ba sai an sa malamin addini a makarantar, kuma sai wanda na ce na yarda da shi. Ban nemi wannan nauyi ba, amma da ni suka saba. Ni nake raɗa wa 'ya'yansu suna, ni nake biya musu karatu. Wani tsoho ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam, ba gwamnati za mu ba yaran nan ba. Kai za mu ba."

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, wani baƙon malami ya sauka a gidan dagaci. Dogo ne, tsaf-tsaf, rawaninsa fari ƙal duk da taɓon hanya. Ya ce daga wani ƙauye ya fito a wajen Ruwan Bago, inda ya daɗe yana karantar da yara, ya ji ana neman malamai shi ya sa ya zo. Ranar da ya ja mu sallar magariba, mutane suka kasa tashi bayan sallama. Ban taɓa jin murya irin tasa ba, kuma ban ji gyara ko ɗaya a karatunsa ba.

Dagaci taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda haka in mun keɓe ba ya raga mini. Muna fitowa ya kama hannuna.

"To, tsohon gardi, yau ka ji yadda ake karatu," in ji shi. "Kai shekara da shekaru kana yi mana kukan kwaɗo muna cewa amin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kunnen da ya saba da gangar maroƙa yaushe ya fara sanin karatu?"

Ya yi dariya, ya ce ai magana ta ƙare, Allah ya kawo mana malami har gida.

Jami'in ilimi ya zo daga Karaye a kan babur don ya gwada baƙon. Matashi ne mai ladabi, amma gajiya ta nuna a fuskarsa, domin ƙauyuka da yawa suna jiran malamai kuma buɗe makarantu ya matso. Muka zauna a sabon ajin, ana jin ƙanshin siminti. Baƙon ya yi karatu, ya amsa tambayoyin tsarki da na salla, ya yi rubutun ajami a allon bango, har da na boko kaɗan. Yana cikin rubutun ne alli ya karye a hannunsa, sai wani daga cikin yaran da ke leƙe ta taga ya ƙyalƙyale da dariya. Baƙon ya juyo a hankali. Hannunsa na dama ya tafi ƙugunsa, ƙarƙashin riga, kamar mai neman wani abu da ya saba samu a wurin, bai kuwa same shi ba. Yaran suka watse ba wanda ya kore su. Ya juya ya ƙarasa harafin da ya bari. Ban san ko wani ya lura ba.

Jami'in ya zaro alƙalami zai rubuta sunansa. Na ce, "Yallaɓai, a ɗan dakata. Mu nan ko limamin unguwa za mu naɗa, in baƙo ne, sai an je inda ya fito an tambaya. Karatunsa mun ji, saura halinsa."

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, dokar da aka ba ni ba ta ce a yi haka ba. Amma ba ta hana ba. Zan dawo ranar kasuwa mai zuwa, daga nan kuwa ba ni da sauran lokaci."

Baƙon ya yi murmushi, ya ce in je, ai mutanensa ne. Shi da kansa ya kwatanta mini hanya.

Na tashi a kan keke bayan asuba. Hadari ya yi ta bina ta gabas bai zubar da ruwa ba, iska kuma ta tsaya cak, dawa a gonaki ko motsi ba ta yi. A wasu wuraren sai na sauka na ɗauki keken a ka na haye kwari. Na isa ƙauyen kafin la'asar, na nemi gidan liman.

Limamin dattijo ne mai sanyin magana. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo fura, muka gaisa har muka gano cewa mahaifinsa da nawa sun yi karatu a wajen malami ɗaya. Da na ambaci abin da ya kawo ni, sai ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma.

"Malami ne," in ji shi. "Ba mu san shi da komai ba sai karatu."

Na tambayi mai unguwa, ya ce ba su san shi da komai ba sai karatu. Na tambayi wani manomi da muka yi sahu tare, na tambayi mai tireda, amsar ba ta sake ba, kamar wuri ɗaya suka haddace ta. Ban yi mamaki sosai ba. Mutanenmu ba sa tona asirin wanda ya bar gari, balle malami mai Alƙur'ani a ka. Suna tsoron zunubin gulma, suna kuma tsoron bakinsa. Na roƙa a nuna mini zauren da ya koyar. Aka nuna mini daga nesa. An toshe ƙofarsa da ƙaya, ciyawa ta fito a dandalin da yara ke zama. Na ce ina ɗalibansa? Aka ce an raba su ga wasu malaman. Na ce me ya sa ya tashi? Aka ce zamansa ne ya ƙare.

Na kwana a gidan liman ba tare da na sami abin da zan riƙe ba. Da safe na yi haramar komawa, liman da mai unguwa da wasu dattawa suka yi mini rakiya zuwa bakin gari.

A nan ya kamata in faɗi abin da kowa ya sani a lokacin, domin na ga yanzu ya fara ɓacewa. Idan malami ya zauna a gari ya karantar da yara sannan ya tashi, duk wanda zai je inda yake ba ya barin garin hannu wofi. Wannan ya kawo goro, wannan ya aiko da ƙullin daddawa ko kuka, tsofaffin ɗalibai su biyo ka suna cewa a gaida Malam, a ce ya sa su a addu'a. Ko wanda ba shi da komai zai ɗaga murya daga gona ya ce a gaishe shi. Na taɓa kai wa wani malami saƙon garin da ya bari, sai da na ɗaure kaya a bayan keke kamar ɗan kasuwa.

Ranar nan muka tsaya a gindin wata ɗorawa. Liman ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya kai ka lafiya. Ka gaida dagacinku. Ka gaida iyali da ɗalibai."

Ya saki hannuna. Na jira. Na durƙusa ina taɓa sarƙar keke, ko da yake lafiyarta lau, don in ba su lokaci ko wani zai tuna. Wata tsohuwa ta zo wucewa da tulu a ka, ta gaishe mu, ta ji daga inda na fito da wanda na zo tambaya a kansa, ta dube ni, ta ci gaba da tafiyarta. Na miƙe na ce, "Liman, shi ke nan?"

Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun zuwana.

"Shi ke nan, Malam."

A hanya na yi ta juya abin a raina. Ba wanda ya faɗa mini laifi ko ɗaya. In na hana mutum abincinsa a kan zato, Allah zai tambaye ni. In kuma na ce na yarda da shi, iyaye za su miƙa masa yaran da suka ce ni suka bai wa. Ruwan da ya ƙi sauka jiya ya same ni a kusa da gida, ban ma nemi mafaka ba.

Ranar kasuwa jami'in ya dawo, muka sake zama a ajin, ni da shi da dagaci. Baƙon ya shigo da sallama, ya gaishe su, sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"Malam, sannu da hanya. Yaya ka baro su? Suna gaishe ni?"

Kowa ya san amsar wannan tambaya. Cewa ake yi suna gaishe ka, ko da ba a ce ba, a wuce wurin. Har bakina ya buɗe zai faɗa don sabo. Sai na ce, "Na baro su lafiya. Sun yabi karatunka. Amma ba su ce in gaishe ka ba."

"Ko liman?"

"Ko shi."

Dagaci, wanda ya shigo yana tsokanata cewa na je yawon shan fura, ya daina taunar goron da ke bakinsa. Jami'in ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Na gane abin da Malam yake nufi, ni ma ɗan ƙasar nan ne. Amma ba zan hana mutum aiki don ba a gaishe shi ba. Ba adalci ba ne a yanke masa hukunci yana zaune ba a ji daga bakinsa ba." Ya juya ga baƙon. "Allah ya gafarta Malam, me ya raba ka da mutanen nan? In ka ga dama ka faɗa, in ka ga dama ka yi shiru."

Na ɗauka zai yi shiru, ko ya kawo wani uzuri. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyara zama, ya yi magana da muryar nan tasa mai daɗi, kamar yana ba da labarin ruwan bana. Ya ce akwai wani yaro mai taurin kai da ubansa ya kawo masa, ya ce a hore shi. Yaron ya yi dariya ana karatu, ya sa masa dorina. Bakin dorinar ya sami ido, idon ya tsiyaye.

"Ƙaddara ce," in ji shi. "Da ya tsaya wuri ɗaya da bayansa za ta samu. Uban da ya ce in hore shi, shi ne ya fara daina gaishe ni. Mutanen ƙauye ke nan, suna son karatu ba sa son abin da ke kawo shi."

Jami'in ya ce, "Yanzu in an ba ka yaran nan, yaya za ka yi da su?"

"Yadda aka yi da ni, Yallaɓai. Yaron da ba ya jin tsoro ba ya karatu. Ka ba ni su wata uku, ka dawo ka ji ko akwai mai tari a ajin nan."

Dukanmu an dake mu a makaranta, ni ma ina da tsumagiya a zaure, ba zan ɓoye ba. Ba dukan ne ya sanyaya mini jiki ba. Na yi ta sauraro ko zan ji ya ce Allah ya yafe masa, ko ya tambaye ni yadda yaron yake, tunda daga garin na fito. Bai tambaya ba.

Dagaci ya ce a hankali, "Jikokina biyu suna cikin waɗanda aka rubuta."

Jami'in ya rufe alƙalaminsa ya sa a aljihu. Ya gode wa baƙon da ya faɗi gaskiya, ya ce ba zai iya ɗaukarsa ba, ya kuma gaya masa dalili a fili. Na roƙi jami'in ya sanar da sauran wurare. Ya ce zai faɗa a ofishinsu na Karaye, abin da ya wuce nan kuwa ba a hannunsa yake ba.

Washegari da hantsi baƙon ya ɗaure kayansa. Ya biyo ta ƙofar zaurena ina biya wa yara, suka yi tsit tun kafin ya yi sallama. Na fito muka gaisa. Ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Malam, in an zo tambayarka a kaina, me za ka ce?"

Na ce, "Abin da na ji daga bakinka, ba ƙari ba ragi."

Ya yi murmushi, ya gyara rawaninsa.

"Ba wanda zai zo. Bana makarantu sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Wa yake da lokacin hawa keke?"

Ya kama hanyar kudu, ba wanda ya yi masa rakiya.

An buɗe makarantarmu ba malamin addini, iyaye da yawa suka riƙe 'ya'yansu a gida har bayan kaka, lokacin da aka samo wani daga wajen Zoza. Shi ma sai da na je garinsu. Na dawo da ƙullin kuka da goro, da gaisuwar da na kasa riƙe sunayen masu ita. Yaran suka shiga, suka fito da idanunsu.

Shi kuwa wancan, ban sake jin inda ya sauka ba. Na daɗe, duk lokacin da na ga baƙo ya shigo gari a kan keke yana tambayar gidan malami, sai in ajiye allon da ke hannuna in fito, amsata a shirye. Masu neman addu'a ne, ko masu cigiyar dabba. Har na bar koyarwa ba wanda ya zo ya tambaye ni a kansa.