Muryar Amos a Cikin Faifai

Edna Sunter 'yar makiyayin tumaki ce a kwarin Swaledale da ke arewacin Ingila, kuma da Turancin kwarin ta buɗe baki, tsohon Turancin nan mai kauri wanda rabin kalmominsa mutanen London ba su taɓa ji ba. Makaranta ce ta raba ta da shi. Duk kalmar gida da ta suɓuce mata, sai malama ta zabga mata rula a bayan hannu. Edna kuwa ba ta shan raini. Ta goge harshenta tas, har ta samu aikin haɗa waya a ofishin tarho na birnin Leeds, inda ba a ɗaukar mai maganar ƙauye.

Mahaifinta Amos ko a jikinsa. In ta zo hutu ta fara gyara masa magana, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yar gidan rediyo! Tumakina dai suna gane ni."

Wata shekara wani malamin jami'a ya shigo kwarin da na'urar ɗaukar magana. Tsofaffi yake nema, waɗanda ba su taɓa barin garinsu ba, masu sauran haƙora a baki, don a adana maganarsu kafin ta bi su kabari. Aka ce ya je wurin Amos.

Da labari ya kai Leeds, hankalin Edna ya tashi. A ji ubanta a jami'a yana wannan gwarancin? Ta hawo jirgin ƙasa, ta zo ta tsare tsoho a gaban murhu.

"Haba Baba, so kake a mai da mu abin dariya? Sake faɗa. Buɗe bakin mana!"

"'Yar nan, ni fa ba limamin coci ba ne."

"Don ni za ka yi."

To, don ita ɗin ya yi. Ranar da baƙon ya zo, Amos ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna ƙiƙam yana tsinto kalma ɗai-ɗai kamar mai tafiya a kan ƙanƙara. Baƙon ya tambaye shi yadda suke ce wa rafi, da ɗan tunkiya, da yadda yake kiran karensa. Duk kalmar gida da ta taso masa, sai ya saci kallon Edna ya haɗiye ta. Ita kuwa baiwar Allah sai murmushi take tana zuba shayi, wai an fita kunya. Ba a jima ba baƙon ya kashe na'urarsa, ya yi godiya, ya tambayi hanyar gidan maƙwabci.

Amos bai kai lokacin haihuwar tumaki ba ya rasu.

Edna ta yi aure, ta hayayyafa, ta tsufa, 'ya'yanta kaf da Turancin rediyo a baki. Jikarta Nicola ce ta binciko faifan hirar Amos a jami'ar, ta kawo tana rawar jiki.

"Kaka, zo ki ji babanki!"

Aka kunna. Wani dattijo ne a tsorace, yana ba da amsa kamar wanda ake tuhuma. Can bayansa ga ƙarar cokali a kofi, da muryar mace tana raɗa, "Yawwa, Baba."

Nicola ta ce, "Ashe kamar mu yake magana?"

"Ina! Ko kusa."

"To yaya yake yi? Kwaikwaya mini."

Edna ta gyara zama don ta kira kare yadda yake kira daga kan tudu. Tana jin sa raɗau a kunnenta. Ta buɗe baki, sai muryar 'yar haɗa waya ta fito, a goge tas. Ta sake gwadawa, ita ɗin ce dai. Ta juya wajen Nicola.

"Kashe abin nan," in ji ta. "Ni ce nake magana a ciki, ba shi ba."