Ranar da Inna ta kira sunana

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana ce ta gidi. Na kai shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, in ta ji daɗina ta ce "wancan ɗin".

Tana da wani ciwo mai zuwa da tafiya. Wani lokaci ya kwantar da ita wata guda ba magana, wani lokaci ya ɗaga ta sama har barci ya gagara. A shekarar da kuɗin man fetur suka shigo, kowane ma'aikaci a Gombe ya sayi babur, har da ni, sai ciwon ya zo da tashi. Kwana huɗu ba ci ba barci. Ta raba wa matan unguwarmu ta Manawashi kwanukanta, ta dama furar da za ta ishi unguwa biyu. Aka yi maganar asibiti, ta ce wanda ya ga mara lafiya ya kai kansa. Na tsorata, don ƙafafunta sun fara rawa.

Rana ta biyar na same ta a Kasuwar Gombe, ta hau buhun gero tana koya wa 'yan dako yadda ake ɗaukar kaya. Tana hango ni ta ƙwala mini kira. Da sunana, cikakke, har sau uku! Sai da na waiwaya in ga wa ake nufi.

"Ku dube shi, ni na haife shi! Akawu ne, da alƙalami yake cin tuwo!"

Kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara ji. Sai dabara ta zo mini.

"Inna, kowa ya ji, saura likita. Shi bai san ko ni ɗan waye ba."

"Bai sani ba? Tayar da babur!"

Muna isa asibiti ta zaunar da likita ta ba shi tarihina tun daga ranar suna, ba ta tsallake fitsarin kwance ba. Bawan Allah yana rubutu yana gyaɗa kai. Da ta tsaya shan ruwa ya ce ciwo ne sananne, yana da magani, ya roƙe ta ta kwana biyu ta ƙarasa masa labarin. Ta yarda.

Bayan wata biyu ta dawo daidai. Na shiga gaishe ta, ta juya fuska ga bango, ta yi magana da ƙanwata.

"Ki gaya wa wancan, abin da aka yi a kasuwa ciwo ne ya yi magana."

Na yi hamdala, amma wallahi zuciyata ta sosu. Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ji ta ƙara, ƙasa-ƙasa:

"Ki ce masa ciwon bai yi ƙarya ba."