Shanyar Kwalta

Har yau ba na iya wuce shanyar shinkafa da gudu. In na fito daga Birnin Kebbi zan tafi Argungu, na hango samfarera, shinkafar da ba a cashe ba, an baza a gefen kwalta an tokare ta da duwatsu, sai ƙafata ta sauka daga kan totur da kanta. Na bayana su yi ta danna mini hon, wani har ya leƙo ya zage ni. Su yi ta yi. Ba abu ɗaya muke gani a wurin ba.

Yayana manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya tsaya gona, ni aka tura boko, na ƙare ma'aikacin gwamnati mai gida a unguwar Gesse a Birni da bakin da ba ya shiru. Ba ya kirana sai Malam, kuma daga yadda yake jan kalmar ka san tsokana ce. Ni mai zafin kai ne tun ina ƙarami, shi kuwa ko ka taka shi sai ya tambaye ka ko ba ka ji ciwo ba.

Wahalar noman rani a wurinmu ba ta wuce ta ƙarshe. Girbi yakan zo daidai lokacin da hadarin farko ke haɗuwa, shinkafa kuma ɗanya take fitowa. In ka ɗura ta a buhu haka, kwana kaɗan ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, wata ma ta tsiro. Shi ya sa kowa ke kai tasa bakin titi, don babu abin da ke riƙe zafin rana kamar kwalta. Mutum ya wuni da manjagara yana juyawa, motoci na wucewa ta bayansa. Yaya ba ya bukatar wani ma'auni. Ƙwaya ɗaya zai ɗauka ya sa a haƙori, in ta ce ƙas, ta bushe.

Ni na matsa masa muka haɗa hannu muka sayi ɗan injin busar da hatsi mai aiki da gas. Na yi masa wa'azi kan haɗarin titi har ya gaji ya ce to. Shekarar farko abin ya yi kyau, shinkafarsa ta fito fes babu tsakuwa, ni kuma na cika gari da cewa na raba Yaya da kwalta. Abin da ban lissafa da kyau ba shi ne hanya. Gas ɗin da muke samu a manyan tukwane a Birni yake. Ka biya a cika, ka biya mota zuwa Argungu, ka biya amalanke zuwa bakin gona, sannan ka biya a dawo da tukunya ba komai a ciki. Muka raba aiki: gona tasa, gas nawa.

A shekara ta biyu, ranar wata Talata, ya kira ni.

"Malam, mun yanke. Kuma gabas ta hwara baƙi. Yaushe tukwanenka za su iso?"

Na ce gobe in Allah ya so.

Da safe na kai tukwane biyu aka cika. Kuɗin ya tashi fiye da yadda na bari, don haka tun daga nan raina ya ɓaci. Na isa tasha da su a keke mai ƙafa uku, mai a-kori-kurar da ya saba ɗaukar mana ya ce shi ma sai na ƙara masa, wai mutane ba sa yarda su hau mota ɗaya da gas, sai dai ya tafi da su su kaɗai. Abin da ya ƙara bai kai kuɗin takalmin da ke ƙafata ba. Amma na riga na hau, na tara masa jama'a, na ce ko kwabo ba zan ƙara ba, ai ba a gona nake tsinto kuɗi ba. Haka na faɗa, da bakina. Na sa aka mayar da tukwanen gida, don na tuna wani abokin aikina zai je Argungu ran Asabar da buɗaɗɗiyar motarsa, kyauta zai kai mini.

Na kira Yaya na zazzage masa labarin duka, ina jiran ya taya ni zagin direba. Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa.

"To Malam, Allah shi kai mu Assabar. Kwalta dai ba ta ƙara kuɗi ba."

Na yi dariya ni ma. Wannan dariyar tawa ita ce ta fi damuna a duk abin da ya faru.

Sauran labarin maƙwabcinsa na gona ne ya ba ni. Buhunan sun fara zafi tun ran Alhamis, sai Yaya ya kwashe su zuwa bakin titi kamar yadda ya saba a da. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci hadari ya taso da iska. Kowa ya ruga kan shanyarsa. Yaya yana tattara tasa, iska ta fizge tamfal ɗin da zai rufe ta da shi ta yi tsakiyar titi da shi, ya bi. Babbar mota ce ta buge shi, kuma mai ita ya tsaya, yana ta kuka kamar ƙaramin yaro. Ban taɓa iya jin haushinsa ba.

Da aka kira ni, shatar mota na ɗauka daga Birni, ban ko tambayi kuɗinta ba. Kafin magariba mun kai shi makwancinsa. Washegari ina zaune a kan tabarmar gaisuwa abokin aikina ya kira, cikin fara'a, ya ce ga shi a ƙofar gidana ya zo ɗaukar tukwane.

Ba wanda ya ɗora mini laifi, kuma wannan bai sauƙaƙa mini komai ba. Na so wani ya kama rigata ya girgiza ni. Maimakon haka kowa sai ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma na kuma san wanda ya tsaya a tasha yana ɗaga murya a kan ƙarin da bai taka kara ya karya ba.

Shinkafar ba ta lalace ba. Manoman da ke wurin sun share ta da tsintsiya a cikin ruwan, suka sake shanya ta bayan kwana biyu. Daga cikinta matar Yaya ta sa aka cashe wadda aka dafa ranar sadakar arba'in. Ita da kanta ta kawo mini kwano a zaure, ta tsuguna daga gefe.

"Ka ci, baban yara. Kak ka sa abin ga ranka. Shi da kainai yac ce mani gas ɗin na yay yi wuya Birni, kana ta yawon nema ba ka samu ba. Har yac ce Allah shi yi maka albarka."

Ashe abin da ya faɗa mata ke nan. Ya san tukwanen na gidana a cike, ni na gaya masa, amma ya rufa mini asiri a gidansa. Na buɗe baki in faɗa mata gaskiya, sai na kasa. Na kai loma don in sami abin yi da bakina, ina taunawa na ji ƙas. Tsakuwar titi ce, ta ɓalle mini gefen turmin haƙori.

Ban tofar ba. Na haɗiye duka, ita tana kallona tana cewa in ƙara.

An sayar da injin daga baya, ɗiyan Yaya sun koma shanya a kwalta kamar kowa. Tukwanen biyu suna nan a bayan ɗakina a Gesse, har yau a cike. Matata ta gaji da tambayar ko za a yi girki da su, ta daina. Likita ya ce haƙorin abu ne mai sauƙin gyara, na ce masa zan dawo, ban koma ba. Ko yanzu da nake rubutun nan harshena na kan wurin. Matar Yaya kuwa tana nan da rai, duk sallah ina zuwa gaishe ta, kuma duk zuwa sai ta gode mini a kan wahalar da na sha ina neman gas.